Ramin titi ma a Ingila yana da lambar fayil

Duk wanda ya sauka Ingila tsakanin Janairu da Maris da zaton zai tarar da titi sumul kamar na talabijin, zai sha mamaki. Ramuka ne birjik, musamman a cikin unguwanni. Ruwan sama yana shiga tsagar kwalta, da dare ya daskare ya kumbura, da rana ya narke, manyan motoci su bi ta kai, sai kwaltar ta fara ɓantarewa. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne fenti fari ko rawaya da zai ga an zagaye wasu ramukan da shi. Wannan fentin alama ce cewa maganar ramin ta kai ga ƙaramar hukuma, ma'aikaci ya zo ya auna shi, an ba shi lamba, an kuma sa ranar da za a cike shi.

'Yan uwa, ga yadda abin yake tafiya. Mutum ya ga rami, sai ya ɗauki hotonsa da waya, ya shiga shafin ƙaramar hukumarsa ko wani shafi da ake kira FixMyStreet, wanda ke aiki tun 2007. Zai nuna wurin a taswira, ya sa hoton, ya rubuta layi biyu. Nan take saƙo zai shigo masa da lambar rahoto da kwanan wata. Bayan 'yan kwanaki mai duba titi ya zo da abin awo. A wurare da yawa, sai zurfin rami ya kai santimita 4 a kan titin mota kafin a ce ya isa gyara, a gefen titi inda ake tafiya da ƙafa kuwa santimita 2 ya wadatar, don tsofaffi na tuntuɓe. Wanda aka ga zai iya kayar da mai babur ko mai keke ana toshe shi cikin awa 24, wani lokaci cikin awa 2. Sauran sukan jira har kwana 28. Kowace hukuma da nata ma'auni, amma a rubuce yake, kowa zai iya karantawa ya riƙe su da shi.

Kada a ɗauka tausayi ne ke sa su rawar jiki. Dokar hanyoyi ta 1980 ta ɗora wa hukuma nauyin kula da titi. In rami ya fasa maka taya ko ya lanƙwasa ƙafar mota, kana da damar neman diyya. To amma dokar ta bar wa hukuma mafita guda: in ta nuna tana zagayen duba titin a kan kari, kuma ba ta san da ramin ba, ba za ta biya ko sisi ba. Ranar da wani ya aika rahoto, wannan mafitar ta fara toshewa. Daga ranar an sani, akwai shaida da hoto da kwanan wata, kuma duk motar da ramin ya lalata bayan wa'adin gyara ya wuce, hujjar mai ita ta yi ƙarfi. Shi ya sa rahoton tsohuwa guda da ba ta san kowa ba yake tayar da motar kwalta. Kuɗi ake gudun asara.

Gyaran ma iri biyu ne, kuma a nan haushi yake. Na gaggawa, su zuba kwalta mai sanyi daga buhu su daddanna, su wuce cikin minti kaɗan. Ruwa yana sake shiga ta gefe, kafin sati shida ramin ya dawo ya ma fi da. Gyara na gaske sai an yanke gefen ramin da inji ya zama murabba'i, a share ƙasa da ruwa, a shafa ruwan kwalta, a zuba mai zafi, a bi da injin dannawa, a liƙe bakin. Mazauna unguwa sun san wannan, don haka ba sa gajiya da sake kai rahoto. Titin da rahotanninsa suka taru, yakan fi samun damar hawa jerin waɗanda za a kankare a sake wa kwalta gaba ɗaya a kasafin shekara mai zuwa.

Inda mutanenmu da suka zo nan suke yawan kuskurewa shi ne bambanci tsakanin neman aiki da ƙorafi. In ka ce ga rami, ko motar shara ta tsallake gidanka, neman aiki ka yi. Sai ka koma ka ce na faɗa muku ranar kaza, ga lamba, ba ku yi ba, sannan ya zama ƙorafi, kuma yana da kyau ka rubuta kalmar ƙorafi ƙarara. Daga nan matakai biyu ne. Ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce a sanar da kai an karɓa cikin kwana 5 na aiki, a ba ka amsa cikin kwana 10 na aiki bayan haka. In ba ka gamsu ba ka nemi mataki na biyu, wani jami'i daban ya sake dubawa, ya amsa cikin kwana 20 na aiki. In har yanzu ba ta ɓulle ba, sai ofishin Ombudsman na ƙananan hukumomi, wato ofishi mai zaman kansa da ke binciken ƙorafin jama'a a kansu, wanda dokar 1974 ta kafa. Kyauta ne, ba lauya, amma galibi dole ka kai cikin wata 12 da sanin matsalar, kuma ba kasafai yake saurarenka ba sai ka gama da hukumar tukuna. Maganar diyyar mota kuwa, galibi kotu zai nuna maka.

Kuɗin da ofishin kan ce a biya mutum ba wani abin a zo a gani ba ne, sau da yawa fam 'yan ɗaruruwa ne da takardar ban haƙuri. Amfanin yana wani waje. In ya gano an yi kuskure, yakan ce wa hukuma ta sake tsarin aikinta, ta horar da ma'aikata, ta kuma koma ta duba fayilolin sauran mutanen da abin ya shafa ko da ba su yi magana ba. Yana wallafa hukuncinsa a intanet ba tare da sunan mai ƙorafi ba, amma da sunan hukumar. Duk shekara kowace hukuma tana samun wasiƙa mai ɗauke da yawan ƙorafin da aka kai kanta da waɗanda aka same ta da laifi, 'yan jarida da kansilolin adawa kuma suna jiran wannan wasiƙar.

Abin yana da gajiyarwa matuƙa. Ka buga waya, na'ura ce za ta amsa, danna ɗaya danna biyu, ka yi rabin awa kana jin kiɗa. Ofisoshi da yawa sun rufe tagar ganin jama'a, komai sai ta fom. Wanda ba ya jin Turanci sosai ko bai saba da kwamfuta ba, an bar shi a baya. A wasu yankuna titi na hukumar gunduma ne, shara ta ƙaramar hukuma, manyan hanyoyi kuma na wata hukuma daban, in ka aika inda ba nan ba sai a dawo da kai farko. Ga harajin gida da ake cira duk wata, wanda a gidaje da yawa ya haura fam 100. Shara kuwa, in murfin mazubinka bai rufu ba ko ka haɗa roba da ragowar abinci, sai su manna maka takarda su wuce, ka jira sati biyu. A irin wannan ranar mutum yakan tuna gida, inda kafin damina mai unguwa zai yi shela, samari su fito da shebur da baro a yashe kwata, mata su aiko da kunu. Nan maƙwabcinka na shekara goma ba zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, hukuma zai rubuta wa a kanka.

Kuma ba kullum tsarin yake ceto ba. Birnin Bamingam, da ya ayyana karyewar asusunsa a 2023, ya kwana cikin shara a 2025 lokacin yajin aikin masu kwasarta, har aka ce tan 17,000 ta taru a tituna, fom bai kwashe ko leda ɗaya ba. Mafi ciwo shi ne labarin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2 da iyayensa suka zo daga Sudan, wanda ya rasu a garin Rocdel a Disamba 2020 saboda fumfunar da ta cinye bangon gidan hayarsu. Mahaifinsa ya fara kai kuka tun 2017, aka ce masa ya shafe wurin da fenti. Masu gidan suka ɗora laifin a kan yadda iyalin suke rayuwa. Sai da binciken mutuwar ya tona komai a 2022 aka yi doka da sunan yaron, wadda ta fara aiki a Oktoba 2025: dole masu gidajen hayar jama'a, wato hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba da haya mai rahusa, su binciki rahoton danshi da fumfuna cikin kwana 10 na aiki, abin gaggawa kuma cikin awa 24. Cikin abubuwan da suka kama masu gidan a binciken akwai koke-koken da aka yi ta kaiwa. Allah ya jiƙan yaron.

Mu kuwa a gida mun fi kowa iya ƙorafi, amma a majalisar ƙofar gida, a teburin mai shayi, ko a shirin rediyo na kiran waya. Washegari babu abin da ya rage da za a nuna. Wanda ya matsu sai ya nemi wani babba ya yi masa magana, a gyara layinsa shi kaɗai, a yi ta godiya kamar kyauta aka ba shi. Wanda ya dage da rubutu kuma a ce masa fitinanne, ko a ce ya yi haƙuri. Alhali tsarin mulkin Najeriya ya lissafa kwasar shara da magudanan ruwa da kasuwanni cikin ayyukan ƙananan hukumomi 774, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a Yuli 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Muna da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tun 1975, da ofis a jihohi. Muna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ofishi kwana 7 ya amsa. Mutum nawa ne a unguwa suka san sunan kansilansu bayan zaɓe?

Na san za a ce takarda a wurinmu aljihun tebur take shiga, kuma sau da yawa haka ne. Duk da haka, ƙungiyar unguwa da ke fama da toshewar kwalbati za ta iya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya: sunan layi, abin da ya lalace, tun yaushe, hoto biyu, sa hannun magidanta da na mai unguwa. A yi kwafi uku, ɗaya ga shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya ga kansila, ɗaya a riƙe. Kada a bar ofishin sai akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a riƙe. Bayan sati biyu a sake rubutawa, a ambaci ranar wasiƙar farko, a haɗa da kwafinta. In an kai ta uku shiru, sai a ɗauki duka ukun zuwa hukumar koke-koke da gidan rediyo a rana ɗaya.