Allon da na ƙona a Grenoble da rudun albasar kawuna

Ƴan uwa da ƙannena ɗalibai na Tawa, ina gaishe ku da fatan kuna lafiya. Da yawa daga cikinku sun rubuto mini suna neman shawara kan aikin ƙarshen karatu a fannin na'urorin da ake haɗawa da intanet, wato waɗanda ke auna wani abu, su aika da labarinsa, sannan su kunna ko su kashe wata na'ura. Na daɗe ban amsa ba, domin duk lokacin da na zauna zan rubuta, abin da ya same ni a mako na biyu da isowata karatu a birnin Grenoble na ƙasar Faransa ne ke tsaya mini a rai, kuma na ga ba zan iya ba ku shawara ta gaskiya ba sai na faɗa muku shi.

An raba mu biyu-biyu a ɗakin gwaji, aka ba kowane rukuni ɗan allo mai suna ESP32, wato ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa umarni ta sarrafa na'urori, da ma'aunin laimar ƙasa, da ƙaramin famfo, aka ce mu haɗa su yadda famfon zai ba tukunyar shuka ruwa idan ƙasa ta bushe. Na zo daga gida da takardar shaida mai maki mai kyau, na san lissafin kuran, zan iya zana muku da'irar a kan allo ba tare da na duba littafi ba, amma wallahi a ranar ne na fara riƙe ƙarfen narka darma da hannuna. Abokin aikina, yaron da na girme wa da shekara bakwai, ya ce mini tun yana sakandare yake wasa da waɗannan abubuwa. Kunya ta hana ni tambayarsa, na ɗauki wayar da ke kawo bolt 12 ta famfo na jona ta a ƙafar allon da ba ta ɗaukar fiye da bolt 3.3. Ɗan hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika wurin, kowa ya juyo.

Jikina ya yi sanyi, domin na san abin da hakan ke nufi a inda na fito: a kira mutum gaban shugabanni, a ɗora masa biya, a hana sauran ɗalibai taɓa kayan har ƙarshen shekara, su kuma su riƙe shi a zuci. Na je wurin matar da ke kula da kayan ɗakin, dattijuwa mai furfura, na ce mata na ɓata allo, nawa zan biya. Ta dube ni, ta tambaye ni ko na gane dalilin da ya sa ya ƙone. Na yi mata bayani. Sai ta ce in rubuta dalilin a littafin aikina, ta jawo wata aljihun tebur da ba ta da kwado, cike da irin allon, ta ce in ɗauki wani. Iyakar maganar ke nan. Na koma kujerata idanuna sun cika da ƙwalla, domin na tuna wani kabad a makarantar da na yi karatu, wanda aka ce akwai irin waɗannan kaya a cikinsa, kyautar wasu baƙi, kuma shekara uku ina wucewa ta gabansa ban taɓa ganin sa a buɗe ba. Makulli kullum yana hannun wani wanda ya yi tafiya.

Daga baya na bincika kuɗin allon, na tarar bai kai yuro 10 ba, wato ƙasa da jikka shida da rabi na sefa, kuɗin da wasunmu ke zubawa a salula cikin mako biyu. Wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Espressif ne ya fitar da shi a 2016, kuma yana zuwa da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa. Arduino, wani allo irinsa da kuka fi jin suna, a wata makarantar zane ta garin Ivrea a Italiya aka ƙirƙiro shi a 2005, don ɗaliban da ba injiniyoyi ba su samu abu mai araha da za su gwada, su ɓata, su sake. Abin da aka yi don a koya da shi, mu mun mai da shi kayan ado da ake fitowa da shi ranar da manyan baƙi suka zo.

Sayen kayan a nan ma wani abin mamaki ne. Nakan zauna da dare in yi odar ma'aunin zafi, bayan kwana biyu ko uku in tarar da shi cikin akwatin wasiƙa mai sunana a ƙofar gida, idan kuma ya zo a lalace in mayar a ba ni wani ba tare da rantse-rantse ba. Na san ku sai kun jira mai zuwa daga Yamai ko Kano, kuma sau da yawa abin da zai kawo ba shi kuka aika ba. Amma kada ku ɗauka komai na nan alheri ne. Da salulata ta daina caji, shagon da na kai ta sai da suka ba ni ranar dawowa, sannan suka faɗi kuɗin da ya kusa na sabuwa, suka ce gara in sake wata. Na tsaya ina tuna yaran da ke gyaran salula a kasuwar Tawa, waɗanda za su buɗe ta a gabanka, su canza bakin cajin kafin ka gama shan shayi. Waɗannan yara sun fi yawancin masu digirinmu iya riƙe darma, amma ban taɓa jin an gayyaci ɗayansu ya koya wa ɗalibai ba, ɗaliban ma suna ganin zama a rumfarsu zubar da girma ne. Wannan girman kai yana cutar da mu ƙwarai.

Abin da ya fi ba ni haushi a nan shi ne irin ayyukan da ƴan ajinmu suka zaɓa. Ɗaya ya yi na'urar ba kyanwa abinci idan ya yi tafiya, wata ta yi fitilar da ke canza launi idan za a yi ruwa. Ba laifinsu ba ne, matsalolinsu ke nan. Laifin namu ne da muke kwafo irin waɗannan daga intanet, mu sa musu suna gida mai wayo, mu buga takarda mai shafi sittin da bango mai kyau, alhali na'urar ba ta taɓa kwana ɗaya tana aiki a wajen aji ba.

Ni da malamin ya ce kowa ya kawo nasa, rudun albasar kawuna da ke wajen Galmi, wato ɗakin da yake ajiye ta, ne ya faɗo mini. Kun san yadda farashi ke faɗuwa lokacin cira, da yadda mai haƙurin ajiya ke samun riba bayan wasu watanni, idan ruɓa ba ta riga shi ba. Kawu yakan san albasa ta fara lalacewa ne idan wari ya fito, a lokacin kuwa an riga an yi asara. Aikin da nake so wani cikinku ya yi shi ne ya sa ma'aunin zafi da laimar iska irin DHT22 guda uku a cikin rudu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiyar tulin, ɗaya kusa da rufi, allon ya riƙa farkawa duk rabin awa yana rubuta abin da ya gani, idan laima ta yi yawa ya kunna ƙaramar fanka mai aiki da farantin sola, ya kuma sanar da mai rudu. Farkawar nan da komawa barci ita ce sirrin batir, domin allon yana cin fiye da miliamfiya 100 lokacin aika saƙo ta Wi-Fi, amma ɗan guntun da ke cikinsa, wanda shi ne ƙwaƙwalwar allon, idan ya yi barci abin da yake ci bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan ba.

Tunda babu Wi-Fi a garka, sai a haɗa da ɗan guntun da ke ɗaukar katin salula, kamar SIM800L. Ku kiyaye, yana fizgar kusan amfiya 2 lokacin da yake neman layi, kuma idan batir bai iya ba shi ba sai komai ya mutu ya sake tashi, ɗalibi ya kwana yana zargin umarnin da ya rubuta wa allon alhali matsalar kuran ce. Ku kuma tuna kawu ba ya karanta boko. Saƙon rubutu ba zai amfane shi ba, amma idan na'urar ta kira salularsa ta katse, ya san ma'anar wannan sarai, tunda haka muke yi wa juna kullum. Idan rudu da yawa ne a wuri ɗaya, akwai LoRa, hanyar rediyo da ke kai ɗan gajeren saƙo nisan kilomita da dama da batir ƙarami, wadda wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo ya ƙirƙiro a nan Grenoble kafin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012.

Mai son aikin ruwa ya duba tankunan da ke kan fanfunan burtsatse, waɗanda ke cika suna malala ko su ƙafe ba a sani ba. Ma'aunin nisa mai aika sauti, wanda ke lissafa nisa daga lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya dawo, yana iya faɗin inda ruwa ya kai, ya kashe injin ko ya kunna shi. Sai dai lissafin da za ku samu a intanet an yi shi ne da gudun sauti na mita 343 a daƙiƙa, wanda ya dace da zafin digiri 20. A cikin tanki a watan Afrilu, da zafin digiri 45, gudun ya kai wajen mita 358, kuskuren ya zama kusan kashi 4 cikin 100, wato santimita 8 a tanki mai zurfin mita 2. Ɗalibin da ya gyara wannan da ma'aunin zafi, ya kuma zaɓi ma'aunin nisa irin JSN-SR04T mai jure ruwa maimakon HC-SR04 da tururi ke kashewa, ya yi aikin da ba kwafe ba. Haka firijin allurar rigakafi a likitocin ƙauye, wanda dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8: ma'auni ɗaya da kiran salula ɗaya ga malamin asibiti idan kuran ya ɗauke cikin dare sun isa aikin shekara.

Kada wani ya ce mini wannan sai Turawa. Abdou Maman Kané ɗan Nijar ne, shi ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa da manomi ke kunna injinsa ta salula daga nesa, har ya samu babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan II a 2015 a Koriya ta Kudu. Ƙurar hunturu da zafin bazara da gara da ɓeraye da ke cin waya, babu wanda zai gwada su a Grenoble, sai ku da kuke cikinsu.

Na tara kuɗin allo goma da ma'aunai da guntayen katin salula biyar, kuma wani ɗan uwa da zai zo gida a Disamba ya yarda ya taho da su. Sharaɗina shi ne kada a kulle su, kuma wanda ya ƙona nasa ya rubuta dalili ya ɗauki wani. Na riga na yi magana da kawu, ya yarda a sa na farko a rudunsa da zarar an cire albasa, kuma ina son a aiko mini da abin da ma'aunan suka rubuta tun daga ranar ajiya har ruwan Agusta ya sauka.