Sharhi kan gwajin DEHP a ruwan famfon gidanmu a Gusau

Tun bayan annobar gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, mutumin Zamfara ba ya raina maganar guba, amma ni abin da ya kai ni ga gwaji shi ne warin roba da muke ji a ruwan da ya wuni cikin tiyon da muke cika randa da shi. Na nemi a duba DEHP, sinadarin da ake zuba wa robar PVC domin ta yi laushi. Ba ya kama jikin robar da kyau, saboda haka yakan tsattsafo cikin ruwa, musamman idan rana ta gasa ta, kuma yana cikin sinadaran da ke iya dagula aikin ƙwayoyin halittar haihuwa.

Wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a wajen jihar ne ya yi aikin, kuma inda ya burge ni shi ne wajen ɗiban samfuri. Kwalabe uku na gilashi masu duhu suka aiko, tare da gargaɗin kada roba ta kusanci ruwan, ko da mazurari ne. Na cika ɗaya daga bakin famfo, ɗaya daga tiyo da azahar. Ta ukun da ruwanta mai tsabta ta zo, aka ce in buɗe ta a wurin in rufe, domin a gane ko daga iska ko hanya gurɓatar ta shigo. Da farko na ɗauka ƙaƙale ne, sai daga baya na fahimci cewa sinadarin yana ko'ina, har a cikin ɗakin gwajin kansa. Cikin ƙanƙara na mayar da su ta motar haya.

Ruwan famfo ya fito ƙasa da mikirogiram 8 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa (ta Amurka 6 ce), na tiyon kuwa ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ƙorafina shi ne kwana goma suka yi alkawari, sai da na yi mako uku ina bin su a waya, kuma rahoton lambobi ne zalla da Turanci, babu layi ɗaya na bayani, ga kuɗin ba na kowa ba ne. Sai da wani malamin kimiyya a unguwarmu ya zauna da ni kafin na san inda zan duba. Tiyon dai na raba shi da randa, yanzu wankin babur kawai ake yi da shi.