Gargaɗi ga 'yan uwa mata: mai sayar da bel ɗin ɗaure ciki ta cinye min N49,500

Wallahi har yanzu jikina rawa yake. N49,500! Kuɗin adashin da na ɗauka, su wata mata a Instagram ta cinye da sunan za ta sayar min da bel ɗin ɗaure ciki, ta kuma toshe lambata.

Kada wata ta ce min ban yi bincike ba. Na duba shafinta tun daga ƙasa, ga bidiyon kaya, ga saƙonnin masu saye suna godiya. Kuma ba ta fara da zancen kuɗi ba. Cewa ta yi, "Hajiyata, kar ki turo ko sisi sai kin auna." Ta ce in sa tef ɗin tela a inda ƙugu ya fi sirantaka, sama da cibiya kaɗan, kar in shanye ciki, sannan in auna daga ƙarƙashin mama zuwa kwankwaso, don akwai dogon bel akwai gajere. Ta tambaye ni ko aiki aka yi min a haihuwar, wai in aiki ne sai likita ya amince. Wace ɓarauniya ce take tambayar wannan? "Kar ki turo ko sisi." Maganar nan ita ke hana ni barci.

Inci 38 na auna. Ta ce 2XL zan ɗauka, saboda kayan Chaina lambarsu ƙarama ce. Na roba mai shafin auduga a ciki, mai ƙarafuna, ƙugiyoyi layi uku, a fara da layin waje a riƙa matsowa. N38,000, kuɗin mota daga Kano N4,500.

Da zan tura kuɗin, na ga sunan da ke kan akawun ɗin na namiji ne. Na tambaya! Ta ce ƙaninta ne, nata ya samu matsala. Mata nawa ke sana'a da akawun ɗin miji ko ƙani? Ni ma na sha saye haka kuma kaya sun iso.

Abin da direba ya miƙo min a tasha wani ɗan yadi ne shara-shara, an yanke takardar lambar da reza. Ƙarafunan ashe roba ce, ina lanƙwasa ɗaya ya tsaya a lanƙwashe. Ƙugiyar farko ma ta ƙi haɗuwa. Da na koma mata da kuka, ta ce haka yake, in kwanta a ja min. Ƙanwata ta ja, numfashina ya tsaya a wuya, ƙwannafi ya taso, haƙarƙarina kamar ana murɗawa, fata ta yi shati ja. Ita da bakinta tun farko ta ce bel ɗin da ya yi daidai yana kama jiki ne ba ya hana numfashi. Yanzu kuma wai in daure.

Sai ta ce yaran shago ne suka yi kuskure, in mayar, in ƙara N7,000 ta ba ni mai kyau. Har da muryarta tana rantsuwa da Allah, tana tambayar jariri. Na mayar, na ƙara. N38,000, da N4,500, da N7,000, ban ma lissafa kuɗin mayarwar ba. Babu bel, babu kuɗi. Shafin ya canza suna, lambar ba ta shiga. Allah ya isa tsakanina da ke!

Ina da hotunan hirarmu gaba ɗaya, da rasit uku, da muryoyinta. Zan saka su da daddare, na kuma kai ƙorafi bankina.

Ku je Kwari ko kasuwar garinku da tef ɗinku, ku gwada a kan riga kafin ku biya. In ya hana ki numfashi ki cire. In sunan akawun ya saɓa da na mai kaya, kar ki tura.