Hanford, Oak Ridge ko Los Alamos: ina mai fasfon waje zai nufa?

Ɗan'uwanmu da ke karatun injiniya a Amurka ya kawo tambaya. Yana da hutun kwana huɗu da kuɗin tafiya ɗaya tak, fasfonsa na Najeriya ne, kuma yana so ya ga inda aka haɗa bama-baman nukiliya na farko da idonsa. Hanford zai je, ko Oak Ridge, ko Los Alamos?

Malam, ka nufi Hanford. Ga dalilanmu.

Tun watan Nuwamba na 2015 wuraren uku suke ƙarƙashin gandun tarihi guda mai suna Manhattan Project National Historical Park, wanda hukumar gandayen Amurka da ma'aikatar makamashi suke gudanarwa tare. Sunan ɗaya yana ruɗin mutane su ɗauka kusa suke da juna. Hanford na jihar Washington a arewa maso yamma, Oak Ridge na jihar Tennessee, Los Alamos na jihar New Mexico. Tsakanin na farko da na biyu kaɗai ya haura kilomita 3,000. Aikinsu ma ya bambanta. A Oak Ridge aka tace yuraniyom ɗin bam ɗin Hiroshima. A Hanford aka samar da fulutoniyom ɗin bam ɗin Nagasaki. A Los Alamos aka zana bama-baman aka harhaɗa su.

Abin da ya fi raba su a wajenka shi ne fasfo. Masana'antar Y-12 da ke Oak Ridge har gobe tana aikin sassan makaman nukiliya, tsohuwar tukunyar nukiliya (wato reactor) mai suna X-10 kuma tana cikin shingen babbar cibiyar bincike mai aiki. Saboda haka ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce motar da ke shiga da maziyarta cikin shingen ta 'yan ƙasar Amurka ce kawai, kuma takardar izinin zama ba ta maye gurbin zama ɗan ƙasa. Los Alamos ta fi tsanani: kwanaki kaɗan a shekara ake shiga tsoffin gine-ginen da ke bayan shinge, sai ɗan ƙasa mai shekara 18 zuwa sama, shi ma sai ya yi sa'ar samun gurbi. A Hanford kuwa tukunyar samar da fulutoniyom ta ƙarshe ta daina aiki tun 1987, babu sauran aikin makami, sai na kwashe dagwalo. Shi ya sa ake karɓar ɗan kowace ƙasa, yaro da babba, a ziyarar tukunyar B, wato tsohuwar tukunyar nukiliyar da ta samar da fulutoniyom a can, kuma kyauta ne.

To me za ka gani a can?

Ana taruwa a ofishin maziyarta da ke garin Richland, a hau motar hukumar, a yi tafiyar kusan minti 45 cikin busasshiyar ƙasa mai gajerun ciyayi har bakin kogin Columbia. Daga nesa ginin ba shi da wani kwarjini, bulo ne na siminti ruwan toka da dogon bututun hayaƙi. Kana shiga babban zauren sai ka tsinci kanka gaban wani bango mai tsayin bene uku, cike da bakunan bututu a jere sahu-sahu, guda 2,004. Wannan ita ce fuskar tukunyar. A bayanta akwai tulin tubalan girafayit, wato baƙin sinadarin nan na cikin fensir, kimanin mita 11 a tsaye, 11 a faɗi, 8.5 daga gaba zuwa baya. Bututun alminiyom ne suka ratsa tulin. A cikin kowanne ana tura gunduwoyin yuraniyom da aka lulluɓe da alminiyom, kowace gunduwa kaurinta kamar na rake, tsawonta kimanin santimita 20, guda 32 a bututu ɗaya.

Aikin girafayit shi ne rage gudun ƙwayoyin niyutiron domin su iya ci gaba da fasa yuraniyom 235. Wasu daga cikin ƙwayoyin kuma yuraniyom 238 ne yake haɗiye su, bayan 'yan kwanaki ya rikiɗe ya koma fulutoniyom 239. Idan gunduwoyi suka yi makonninsu a ciki, sai ma'aikata su turo sababbi ta gaba, tsofaffin su faɗo ta baya cikin kududdufin ruwa mai zurfi. Daga nan a ɗora su a jirgin ƙasa zuwa masana'antar T, inda ake narkar da su da asid a ware fulutoniyom ɗin. Abin da ake samu kaɗan ne ainun, 'yan giram ɗari a tan guda na yuraniyom. Zafin da tukunyar ke fitarwa a farko megawat 250 ne, ba a kuma yin lantarki da shi, ruwan kogi ne ke kwashe shi, fiye da lita 100,000 a kowane minti. Dalilin gina ta a bakin Columbia ke nan.

Ka ba ɗakin sarrafawa lokaci. Kujera ɗaya ce a gaban allon, ga maɓallan sanduna 9 da ake turawa ta gefe don daidaita ƙarfin tukunyar, ga na sanduna 29 da ke rataye a sama, waɗanda ke faɗowa su kashe ta idan an shiga haɗari. A gefe guda akwai bango cike da ƙananan ma'aunan matsin ruwa, ɗaya ga kowane bututu. Babu kwamfuta ko ɗaya. Ɗalibin injiniya zai fi kowa gane nauyin abin: an fara ginin a Oktoba 1943, aka kunna a Satumba 1944, wata goma sha ɗaya.

Ka kuma roƙi mai yi muku jagora ya nuna maka kusurwoyin fuskar tukunyar, domin a nan darasi mafi daraja yake. An kunna ta daf da tsakar daren 26 ga Satumba 1944, masanin kimiyya Enrico Fermi yana wurin. Bayan 'yan awoyi ƙarfinta ya soma sauka da kansa har ta mutu. Da ta huta sai ta farfaɗo, ta sake mutuwa. An fara zargin ɗigar ruwa ko wani gurɓataccen abu a ruwan kogi. Wani masanin kimiyya, John Wheeler, shi ne ya gano musabbabin daga yadda lokacin mutuwar da na farfaɗowar suke tafiya: fashewar yuraniyom na haifar da aidin 135, shi kuma cikin awoyi yana komawa iskar zinon 135, wadda ke haɗiye niyutiron fiye da kowane abu da aka sani. Rabin zinon ɗin na gushewa duk bayan kimanin awa tara, shi ya sa tukunyar ke tashi idan ta huta. Masana kimiyya bututu 1,500 suka zana, a da'ira. Injiniyoyin kamfanin DuPont da ya gina ta ne suka nace aka cike kusurwoyi huɗun da ƙarin 504, duk da an yi musu ƙorafin ɓata kuɗi da lokaci. Da aka ɗura yuraniyom a duka 2,004 sai tukunyar ta rinjayi zinon. Rarar da aka so a hana ita ta ceci aikin, kuma a Fabrairu 1945 fulutoniyom na farko daga Hanford ya isa Los Alamos.

In ka ajiye ta gefe da gefe da X-10 ta Oak Ridge, za ka ga ba ka yi asarar komai ba. X-10 ta riga ta, an kunna ta 4 ga Nuwamba 1943, amma ta gwaji ce: tulin girafayit ɗinta mita 7.3 ne ta kowane ɓangare, ramukanta 1,248, iska ce ke sanyaya ta, ƙarfinta kuma bai wuce megawat 4 ba. Darajarta ta fi fitowa bayan yaƙi, domin daga 1946 ita ta riƙa samar wa asibitoci sinadaran bincike da na maganin daji, har aka kashe ta a 1963. Tukunyar B ta ci gaba da aiki zuwa Fabrairu 1968.

Wannan ba ya nufin Oak Ridge ba ta da abin nunawa. Labarinta na tace yuraniyom shi ne ya fi kusa da abin da kake ji a labaran duniya yau. A cikin ƙwayoyin yuraniyom dubu, bakwai ne kawai nau'in 235, kuma ba a raba su da sauran ta hanyar haɗa sinadarai, sai ta ɗan bambancin nauyi. A Y-12 manyan maganaɗisu aka yi amfani da su, injina 1,152, kuma da yake yaƙi ya cinye tagulla, sai aka aro azurfa fiye da tan 13,000 daga baitulmalin Amurka aka yi wayoyin da ita. Yawancin masu juya maɓallan 'yan mata ne da suka gama sakandare, ba a gaya musu me suke tacewa ba. A masana'antar K-25 kuwa yuraniyom ake mayarwa iska a bi da shi ta dubban matatai masu ƙananan ƙofofi. Matsalar ita ce an gama rushe ginin K-25 a 2013. Abin da ya rage maka shi ne daɓen da ya tsaya a kai, da gidan tarihinsa da aka buɗe a 2020, da gidan tarihin kimiyya da makamashi na cikin gari. Duk kana iya shiga da fasfonka, amma hotuna da samfura za ka fi gani. Daga Knoxville kimanin kilomita 40 ne.

Los Alamos ta mai son labarin mutane ce. Da ƙafa za ka zagaya tsohon zauren taron nan Fuller Lodge, ka bi layin gidajen da ake kira Bathtub Row inda Robert Oppenheimer, shugaban cibiyar binciken, ya zauna, ka shiga gidan tarihin Bradbury kyauta ka ga samfurin bama-baman biyu a girmansu na ainihi. Wuni ɗaya ya isa. Garin na kan tsauni, sama da mita 2,200, don haka wanda bai saba ba yakan ji haki da ciwon kai a ranar farko, sai ya yawaita shan ruwa. Kada ka lissafa da filin gwajin Trinity, inda aka fara gwada bam ɗin nukiliya: yana kudu da nisan fiye da kilomita 300, cikin sansanin soja na White Sands, kuma rana ɗaya ko biyu ake buɗe shi a shekara.

Kura-kuran da ke ɓata wa mutane tafiyar Hanford sanannu ne. Na farko shi ne sayen tikitin birnin Washington, alhali jihar ake nufi. Filin jirgin da kake so na garin Pasco ne, 'yan mintoci daga Richland. Idan ta Seattle ka sauka, akwai tuƙin awa uku da rabi a gabanka. Na biyu, sayen tikiti kafin samun gurbi. Ziyarar ta yanayi ce, galibi daga Afrilu zuwa Nuwamba, sai an yi rajista ta intanet, kuma tsohon gini ne da ake rufewa idan ana gyara. Ka tabbatar da ranarka tukuna, sannan ka biya kuɗin jirgi. Na uku, zaton za ka bi su da motarka in ka makara. Ba a shiga da motar kai, idan motar hukuma ta tashi ta tashi ke nan. Ka sa rufaffen takalmi, ba a yarda da silifa ko sandal ba. Ka riƙe ruwanka, domin babu kanti a can, kuma a watannin Yuli da Agusta zafi kan kai digiri 38. Zuwa da dawowa awa huɗu ne, sai ka lissafa lokacin salla a ciki. Batun tururin nukiliya kuwa, an auna hanyar da maziyarta ke bi, ba a buƙatar wata riga ta musamman. Naka shi ne kada ka tsallake igiya ko alamar nan mai ruwan ɗorawa.

Muna roƙonka abu guda: kada kyan aikin injiniya ya rufe maka ido. Fulutoniyom kilo shida da 'yan kai daga Hanford shi aka jefa wa Nagasaki ranar 9 ga Agusta 1945, kuma kafin ƙarshen shekarar mutum kimanin 70,000 sun rasu. A 1943 an tashi mutum kusan 1,500 daga garuruwan Hanford da White Bluffs da wa'adin kwana 30, aka kuma raba al'ummar Wanapum da wuraren kamun kifinsu na kaka da kakanni. A Disamba 1949 an saki aidin mai guba cikin iska da gangan don gwaji, iska ta kai shi gonakin mutane. Yanzu haka akwai tankuna 177 a binne a filin, ɗauke da dagwalo fiye da lita miliyan 200, kuma da dama daga cikin tsofaffin sun yi yoyo. Ka yi wa mai jagora tambaya a kan waɗannan, haƙƙinka ne. Ka tambaye shi kuma daga ina yuraniyom ɗin ya fito. Kaso mai yawa daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ne, lokacin tana hannun Beljiyam, kuma 'yan Afirka ne suka haƙo shi. Na Arlit a Nijar ba ya ciki, sai a 1971 aka fara haƙarsa.

Kwana huɗunka ga yadda za su ishe ka. Ranar farko ka sauka Pasco ka kwana Richland. Ta biyu ka shiga tukunyar B. Ta uku ka nemi gurbi a ɗaya ziyarar da ke tashi daga ofishi ɗaya, wadda ke zagaya kufan garuruwan da aka tasa, inda kangon makarantar sakandaren Hanford da ɗan ƙaramin bankin White Bluffs suke tsaye har yanzu. Ita ma kyauta ce, amma rajistarta daban take, don haka ka yi duka biyun a zama ɗaya kafin ka sayi tikitin dawowa.