Injin ƙyanƙyasa da na saka wa ƙwan mesa: abin da na gani a bazara biyu

Na daɗe ina ƙyanƙyasar ƙwan kaji da na zabi a nan Kaduna kafin hannuna ya taɓa ƙwan mesa. Na kaza kwana 21 ne a kan zafin digiri 37.5, na zabuwa kwana 26 zuwa 28, kuma dole a riƙa juya su. Duk wannan sanin sai da na ajiye shi gefe, domin ƙwan mesa idan ya ji zafin da kaza ke so mutuwa zai yi, idan aka juya shi ma yana iya lalacewa.

Mesar da nake kiwo ba babbar nan ba ce ta bakin fadama mai haɗiye ɗan akuya. Ƙaramar ce, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kai a tsakiya. Masana na kiranta Python regius. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma 'yar yankinmu ce ta Afirka ta Yamma. Daga Togo da Benin da Gana ake fitar da ita zuwa Amurka da Turai a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, a garin Wida na Benin kuwa har ɗakin bauta aka gina mata. A daji takan yi ƙwai a ramin da ɓera ko gafiya suka bari, wajen ƙarshen rani, ta naɗe su da jikinta kusan wata biyu ba ta cin komai, 'ya'yan su fito dab da faɗuwar damina. Ramin nan da jikin uwar su ne nake so inji ya maye mini gurbinsu: ɗumi marar hawa da sauka, da laima mai yawa.

Injin da na saya kamar ƙaramin firji yake. Ƙofarsa ana hango ciki, yana da hawa biyu, da 'yar fanka a baya, da allon lamba a sama inda ake saita zafin. Ba ya juya ƙwai. Yana aiki da wutar gida, yana kuma da wayar da ake jonawa a batir mai bolt 12. Ba arha ba ne, kuɗinsa ya fi na injin kaji mai cin ƙwai ninkin nasa sau da yawa.

Dalili ɗaya ya sa na biya kuɗin, kuma har yau ban yi da-na-sani ba: yana ɗumamawa, yana kuma sanyayawa. Yawancin injinan da ake yi wa masu kiwon macizai an yi su ne da tunanin ƙasashen sanyi, inda matsalar ita ce yadda za a kai zafi digiri 31. Mu kuwa a Maris da Afrilu, daidai lokacin da mesa ke ƙwai, ɗaki mai rufin kwano yakan kai 37 ko 38 da azahar. Injin da ɗumamawa kaɗai ya iya sai dai ya kashe kansa ya bar ƙwan a hannun bazara. Wannan na tsaya a kansa ranar da gari ya yi tsananin zafi, gumi na zuba mini, na ji fankarsa ta tashi, cikinsa bai motsa daga inda yake ba. A nan ya ci kuɗinsa.

Sai dai allon lambarsa ba abin dogaro ba ne, kuma da asara na gane hakan.

Shekarar farko uwar ta yi ƙwai 6, farare, masu taushin ɓawo kamar fata, manne da juna. Ban raba su ba. Na ɗiga wa kowanne alamar fensir a sama don kada in kife shi, saboda ɗan tayin yana manne wa ɓawon ne ta sama tun kwanakin farko, in ƙwan ya juya gwaiduwa na iya danne shi. Na shimfiɗa bamikulait, wani burbushin dutse mai riƙe ruwa, a cikin robar abinci mai murfi, na kwaɓa shi da ruwa nauyi daidai da nauyi, yadda in ka matse a hannu zai dunƙule amma ba zai ɗiga ba. Na saita injin a 31, na ɗora robar a hawan sama. Da na haska ƙwan da tocila na ga jijiyoyin jini ja-wur a dukkansu, hankalina ya kwanta.

Ina lissafin kwana 55 zuwa 60, sai ga tsaga a ƙwai na farko ranar kwana na 51. Da farko murna na yi. Huɗu suka fito lafiya, amma ƙanana. Na biyar ya fito da lanƙwasa a ƙashin baya kusa da wutsiya, na shida kuma ya mutu a ciki bayan ya gama halitta. Wannan abu ya tsaya mini a rai ƙwarai, don rai ne da na raba da uwarsa na ɗauki amanarsa.

Na kira wani dattijo mai gyaran firji da muke mutunci da shi. Ya zo da ma'aunin zafinsa mai 'yar waya, ya zura cikin robar, muka rufe muka jira. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan lambar ta sama iskar bakin fanka take faɗa maka, ba inda ƙwanka yake ba." Na ce, "Baba, nawa ka samu?" Ya nuna mini: 32.6 a hawan sama, 31.4 a na ƙasa. Ashe kusan wata biyu ƙwan na zaune a zafin da ya haura abin da nake zato da fiye da digiri ɗaya da rabi. Ga kuma wani abin da ban sa a lissafi ba: a makonni biyun ƙarshe 'ya'yan sun girma, ƙwan da kansa yana fitar da ɗumi, don haka cikin robar kan ɗara iskar injin zafi.

Bana na gyara. Na sayi ma'auni biyu, na gwada su da juna, na kwantar da bakin wayar ɗaya a jikin ƙwan, na riƙa rage saitin injin har ma'aunin ya tsaya a 31. Hawan ƙasa na koma. Ƙwai 7 ta yi, bakwai ɗin suka fito, na farko ya tsaga ranar kwana na 58, na ƙarshe ranar na 60. Wani abokina da ya bar nasa wajen 29.5 sai da ya kai kwana 66.

Dalilin a bayyane yake in mutum ya tuna cewa maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar kaza ko akuya. Saurin girman ɗan tayi yana bin zafin da ke kewaye da shi. Ka ƙara zafi, girma ya yi sauri, kwanaki su ragu. Ka rage, su ƙaru. Amma saurin yana da iyaka. Da an fara haura 33 na tsawon lokaci sai nakasa da mutuwa su shigo, in kuma ya yi ƙasa sosai girman kan tsaya cik. A nawa ganin, gara in yi kuskure ta ɓangaren sanyi. Rabin digiri ƙasa 'yan kwanaki kawai zai ƙara mini na jira, digiri ɗaya da rabi sama kuwa na ga abin da yake yi da idona. Na bana sun fi na bara nauyi da kuzari, cibiyarsu a rufe tsaf, sun shanye gwaiduwarsu.

Jiran ƙarshen nan shi ne mai wuya. Ƙwan zai fara lotsawa, raɓa ta taru a murfin roba, ka riƙa gogewa don kada ta ɗiga musu. Ɗan yana da wani ɗan haƙori a bakin hanci da yake tsaga ɓawon da shi, sai ya leƙo da kai ya koma, ya yi kwana ɗaya ko biyu a haka yana ƙarasa shan gwaiduwa. Na san masu sa almakashi su buɗe ƙwan tun kwana na 50 don su ga launin da zai fito. Ni ba na yi, ba na kuma jawo ɗan da bai fito don kansa ba.

Sauran abubuwan da na lura da su ba su da yawa. Fankar tana busar da iska, don haka robar ta zama mai rufuwa sosai, a buɗe ta sau ɗaya ko biyu a mako iska ta shiga, a makon ƙarshe kuma kullum. Fankar tana da 'yar ƙara da daddare. Cikin injin ƙarami ne, roba biyu kacal yake ɗauka da kyau, ƙwan babbar mesa da kan kai 30 ko fiye ba zai shiga ba. In aka ɗauke wuta ba ya komawa kan batir da kansa, shi ya sa na jona shi a batirin sola dindindin, na kuma jera gorunan ruwa huɗu a ƙasansa su riƙe zafin in an buɗe ƙofa.

Mai ɗakin da ke da sanyi a bazara zai iya haɗa nasa injin da kular ƙanƙara da na'urar daidaita zafi a kuɗi ƙasa da haka. Wanda ɗakinsa ke wuce 33 da rana kuwa, irin wannan mai sanyayawa nake ba shi shawara, amma ya haɗa da ma'auni na daban tun ranar saye, ya kunna injin ya yi mako guda babu ƙwai yana rubuta abin da ya gani safe da azahar da tsakar dare. Nawa bakwai ɗin sun yi saɓar farko cikin kwana goma, biyar sun karɓi ɗan ɓera a gwajin farko, biyun ina jiran su mako mai zuwa.