Hattara da masu tallar "Canva Pro na har abada"

Matasanmu na Kano masu haɗa kundin tallata kasuwanci ga masu zuba jari, a yi hattara. Talla na ta yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook: wai ka tura 'yan dubbai, a ba ka Canva Pro, wato sigar biyan kuɗi ta Canva, manhajar tsara zane da shafuka, na har abada. Kamfanin Canva ba ya sayar da irin wannan. Kuɗin Pro wata-wata ake biya, ko shekara-shekara. Duk wanda ya ce maka "har abada", kayan da ba nasa ba yake sayar maka.

Hanya biyu suke bi. Ta farko, mutum ya samu akawun na Canva for Education, wanda ake bai wa malaman makaranta da ɗalibansu kyauta, sai ya turo maka linkin gayyata. Kana dannawa ka shiga rukuninsa, kayan Pro masu alamar kambu su buɗe, ka ji daɗi. Amma fa gidan wani ka shiga. Duk shafin da ka tsara a cikin rukunin, a can yake zaune. Ranar da Canva ta gano ta rufe akawun ɗin, ko shi ya cire ka don ya cusa sabon kwastoma, aikinka na sati uku ya tafi. Ka kira lambar, a kashe. Ga shi kuma kayan Education an ware su ne don karatu, ba a yarda a yi kasuwanci da su ba.

Ta biyu ta fi muni. Imel ɗaya da kalmar sirri ɗaya ake raba wa mutane barkatai. Kowa ya shiga, zai ga kundin kowa. To me ke cikin kundinka? Cinikinka na wata, farashin da kake sayo kaya a Kwari ko Dawanau, sunayen dilolinka, da kason kamfanin da kake shirin bayarwa. Sirrin da ko abokinka ba ka gaya wa ba, ka shimfiɗa shi a faifai gaban baƙi.

Masu saka maka PowerPoint na sata ma tafiyarsu ɗaya. Da zarar an ce ka kashe Windows Defender, manhajar da ke kare kwamfuta, kafin a kunna ta satar, ɗauki kwamfutarka ka fita, don ta nan ake shigo da abin da ke kwashe kalmomin sirri.

Abin haushin shi ne, ba ka ma bukatar Pro. Guy Kawasaki, wanda ya daɗe a harkar zuba jari a Amurka, shawararsa ita ce shafi 10, bayani na minti 20, girman haruffa kada ya gaza 30. Shafi goma ai Google Slides ya ishe ka, kuma kyauta ne ga mai Gmail. PowerPoint ma akwai na intanet kyauta, haka Canva na kyauta da imel ɗinka. Mai jari lissafinka yake dubawa, bai damu da furannin gefen shafi ba. In ka gama, sauke shi a PDF ka tura, kada ka ba kowa linkin da zai iya gyarawa.

Wasu sukan ɗora da cewa za su haɗa ka da masu jari in ka biya "kuɗin fom". Gidauniyar Tony Elumelu, mai ba da jarin dala 5,000, ba ta karɓar ko sisi, a shafinta na intanet, TEFConnect, ake cikewa. Y Combinator, kamfanin Amurka mai zuba jari a sababbin kamfanoni, ma kyauta ake nema.

In ka riga ka shiga irin wannan rukuni, yau ɗin nan sauke kowane kundi a PDF da PPTX (fayil ɗin PowerPoint), ka goge na can, ka fice. In kalmar sirrin da ka sa a wurin ita ce ta imel ɗinka, canja ta, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ajiye hoton hirarku da rasit ɗin tura kuɗin, su za a fara tambayarka a banki ko ofishin EFCC.