Manhajar Geocaching a Garwa: dokokinta sun yi kyau, amma neman izini sai an taka da ƙafa

Kusan shekara guda ke nan ni da wasu abokaina huɗu a nan Garwa, a arewacin Kamaru, muna amfani da manhajar Geocaching, wadda ake bi da ita a nemo ƙananan akwatunan da wasu suka ɓoye a fili suka kuma sanya lambobin da ke nuna wurin a taswira a intanet. Wanda ya samo akwati yakan sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, ya mayar da komai yadda ya tarar, sannan ya rubuta a manhajar cewa ya samu. In akwai ƙananan kayan musaya a ciki, ƙa'ida ita ce duk wanda ya ɗauki abu ya ajiye wani da ya kai shi daraja ko ya fi shi.

Wasan ya samo asali ne a Amurka a watan Mayu na shekarar 2000, lokacin da gwamnatin ƙasar ta daina rage ingancin saƙon GPS da fararen hula ke samu daga tauraron ɗan Adam, abin da ya sa kuskuren na'ura ya sauko daga kimanin mita 100 zuwa 'yan mitoci. Ranar 3 ga watan wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon don ya gwada sabon ingancin, kuma a watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin da a yau yake ɗauke da akwatuna fiye da miliyan 3 a faɗin duniya. Abin dariya shi ne, wancan bokiti na farko an ɗan binne shi a ƙasa, har da gwangwanin wake a ciki, alhali a yau dokokin wasan sun haramta binnewa sun kuma haramta sa abinci.

Ta fuskar aiki, manhajar ba ta da wuyar sha'ani. Taswira tana nuna akwatunan da ke kusa, kowanne da girmansa da makin wahalar samunsa da na wahalar hanyarsa, daga 1 zuwa 5. Akwai ta da Faransanci, wanda ya wadatar da yawancinmu, ko da yake babu Hausa ko Fulatanci. Waya tana kai mutum kusa da wurin ne kawai, sauran aikin na ido ne da haƙuri. Wanda bai biya kuɗi ba yana ganin akwatuna masu sauƙi, wanda ya biya kuma yana iya ajiye jerin akwatuna a waya don amfani inda babu sabis, abin da ke da amfani ƙwarai da zarar an bar gari.

Abin da ya fi burge ni shi ne dokokin ɓoyewa. Dole a bar tazarar mita 161 tsakanin akwati da akwati, ba a haƙa rami, ba a lalata bishiya ko gini, ba a sa makami ko magani ko abin maye, ba a kuma mayar da akwati wurin talla ko wa'azi ko siyasa. Kafin akwati ya bayyana ga jama'a sai wani mai tantancewa na sa kai ya duba bayanansa. Wanda ya duba nawa na farko ya mayar mini da shi da tambayoyi biyu cikin ladabi, kuma duka biyun suna da hujja.

Sai dai a batun izini ne ya kamata ɗan arewacin Kamaru ya buɗe ido. Doka ta ce mai ɓoyewa ya nemi yardar mai ƙasa ko mai kula da ita, amma mai ɓoyewar ne da kansa yake tabbatar da cewa ya nema, shi kuwa mai tantancewa taswira da bayanin da aka ba shi yake dubawa, ba ya zuwa wurin. Taswira ba ta nuna gonar wane ce, ba ta nuna burtalin shanu, ba ta kuma nuna tsohuwar makabartar da ciyawa ta rufe. A wurinmu filin da ya zama fayau da rani, har baƙo ya ɗauka ba shi da mai shi, da saukar ruwan farko za a ga wanda ya gaje shi ya fito da fartanya, kuma sama da shi akwai masu sarautar gargajiya, wato jauro da lawan, har zuwa fadar lamido. Gandun daji irin na Binuwai ko na Waza kuwa yana hannun ma'aikatar gandun daji da namun daji, ba wurin da mutum zai tura akwati a kogon bishiya don ya ga dama ba ne.

Ni kaina a nan na yi tuntuɓe, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. Na ɓoye wata 'yar roba a gindin tsamiya a bakin wani ƙauye da ke kan hanyar Lagdo, ban tambayi kowa ba, domin a ganina wurin jeji ne. Ashe wani yaro mai kiwon awaki ya hango ni ina waige-waige ina tura hannu tsakanin saiwoyi. Da na koma bayan mako biyu sai na tarar an cire robar, aka kai ni wurin dattijon da gonarsa ta yi iyaka da tsamiyar, wani Bahaushe da ya daɗe da zama a can. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, mutum ya zo daga birni ya ɓoye abu da rubutu a ciki a gindin tsamiya, ya tafi bai yi wa kowa sallama ba, kai da kanka me za ka kira wannan?" Na ce, "Baba, wallahi wasa ne, amma na yi kuskure." Mutanen gidan sun kwana biyu suna zaton asiri aka binne musu, kuma duk wanda ya san matsayin tsamiya da kuka a zukatan mutanenmu ba zai ga wautarsu ba. Wannan fargaba ce da babu wata doka da aka rubuta a Amurka da za ta hango ta.

Akwai fargaba ta biyu da ta fi wannan nauyi. Dokokin wasan sun riga sun yi kashedi game da ɓoye akwati kusa da barikin soja da filin jirgin sama da makarantu, amma a yankin da ya sha fama da bama-baman Boko Haram, musamman jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, gwangwanin da aka naɗe da baƙin salatif aka maƙale a ƙarƙashin gada yana iya tayar da unguwa gaba ɗaya, ya kuma kai mai shi hannun jandarmomi. Saboda haka muka ƙara wa kanmu sharuɗɗan da suka fi na manhajar tsauri. Ba ma ɓoye komai a kasuwa ko tashar mota ko kusa da masallaci ko coci ko gadar Binuwai, ba ma amfani da mazubin da ba a ganin cikinsa daga waje, kuma a jikin kowanne muna rubuta bayanin abin da yake da Faransanci da Hausa da Fulatanci. Wani daga cikinmu yana ganin mun cika tsoro, ni kuwa ina ganin ko hakan da kyar ya isa.

Ingancin akwati shi ma yanayinmu ne ke yanke masa hukunci. Zafin Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40 a Garwa, yana busar da roba mai araha har ta tsage, damina ta cika ta da ruwa, gara kuma ta gama da littafin. Gwangwani yana tsatsa cikin damina ɗaya. Abin da ya jure mana shi ne roba mai kauri mai murfin murɗawa, a ajiye ta a inuwa nesa da hanyar ruwa, a sa littafin cikin leda tare da fensir, domin biro yana bushewa. Manhajar ta tanadi hanyar sanar da mai akwati cewa kayansa na bukatar gyara, da hanyar kai ƙara ga mai tantancewa in ya yi shiru, kuma dokar ta hana mutum ɓoye akwati a inda ba zai iya komawa ya kula da shi ba sai da tsarin wanda zai riƙa duba masa. Dokar tana da hujja, domin mun taɓa bin sawun wani akwati da wani matafiyi ya bari, muka tarar da fasasshen murfi da takarda da ta zama dusa.

Akwai wani nau'in wasan da nake ganin ya fi dacewa da ƙasarmu, wanda ake kira EarthCache, da aka fara a 2004. Shi ba a ɓoye komai, ana kai mutum ne wurin da ke da darasi game da halittar ƙasa, ya amsa tambayoyi kan abin da ya gani. Tsaunukan Rumsiki, waɗanda ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, sun isa misali. Babu robar da za ta tsage, babu kuma abin da wani zai tsinta ya tsorata, ko da yake shi ma ba ya kuɓuta daga neman izini.

Ga mai son farawa, manhajar kyauta ta ishe shi, domin akwatunan yankinmu ba su da yawan da zai sa a biya kuɗi, sai fa ga mai yawan tafiya Yawunde ko Duwala ko ƙetare. Akwatin gindin tsamiya kuwa ya koma wurinsa da yardar dattijon da sanin jauro, a cikin roba mai haske, kuma yaron nan mai awaki ne yake duba shi. Shi ya aiko mini da saƙo a ƙarshen damina cewa littafin ya jiƙe, na kai sabo ranar Lahadi.